Kafin Ku Nemi Basira a Birnin Wasu

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, samari da 'yan mata na unguwar Zariya da sauran unguwannin Maraɗi, har zuwa Tsibiri da Jiratawa.

Akwai maganar da ta yi yawa a bakinku, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk fadar samarin da mutum ya ratsa da dare, in hira ta yi nisa sai ka ji wani ya ce, "Garin nan ba na mai fasaha ba ne, na 'yan kasuwa ne. Ni dai in na haɗa kuɗin mota, sai Yamai ko Kano." Sau da yawa mai faɗin haka yaro ne da Allah ya yi wa baiwa: ko yana rera waƙa, ko yana haɗa fim da wayarsa, ko tela ne mai ƙirƙiro sabon ɗinki, ko mai zane. Haka 'yan'uwansa mata da ke rubuta labari a cikin gida suna tura wa ƙawaye, su ma zuciya na raya musu cewa labari mai daɗi yana can wani birni mai dogayen benaye. Ina son wannan buri naku, kuma ba zan ce kada ku fita ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kakanninmu ma matafiya ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ita tafiya koyon ta ake yi, kuma a gida ake fara koyon. Wanda bai iya kallon garinsu ba, ko Dubai da Santambul ya zagaya, tsarabarsa ba za ta wuce hotunan fuskarsa a gaban gine-ginen mutane ba.

Basira daga Allah take, babu musu. Amma baiwa ba ta haifar da komai sai an ba ta kayan aiki, kayan aikinta kuwa su ne abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da baki ya tambaya aka ba shi amsa. Yau yawancinku wuri guda kuke ɗebo kayan aikin, wato cikin waya. Abin da yaron unguwar Zariya ya kalla a TikTok da safe, shi na Kaduna ya kalla, shi na Damagaram ya kalla, shi na zangon Kumasi ya kalla. Shi ya sa waƙoƙinku suke kama da juna: kiɗa ɗaya daga kwamfuta, kalmomin soyayya ɗaya, har karyar murya iri ɗaya. Fim ma haka, falon alhaji, ƙatuwar mota, kishiya mai mugunta. Mai kallo ba zai iya cewa a wane gari aka haifi mai aikin ba. Alhali abin da kuke da shi wanda na Kaduna da na Kumasi ba su da shi, shi ne garin nan da kuke rainawa.

Ku fara da sanin yadda aka yi garin ya zauna. Lokacin da mutanen Shehu Usmanu suka ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya watse ya yi arewa. Sun yi zaman hijira a ƙasar Damagaram, kafin Ɗan Kasawa ya dawo da su bakin gulbi ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Dalilin ke nan har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa su ma sun rasa Alƙalawa a 1808, suka yi ta yawo da sarautarsu. A yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka kwanta dama a fagen fama, sai Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri a nan maƙwabtanmu. Daga baya Sarkin Katsina na Maraɗi Ɗan Baskore ya yi shekara sama da ashirin yana kai hari kudu, da fatan komawa birnin kakanninsa, bai koma ba. Mutanen nan sun bar gidaje da gonaki da kaburburan iyaye, amma sun taho da tambari da kakaki, da sarautun Ƙaura da Galadima da Durɓi, da kirari, da salon magana. A 1945 kuma Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka kwashe jama'a aka hau tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu da muke bi yau. Sai zamanin gyaɗa ya zo ya haifi alhazan Maraɗi, farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗar, alhazan suka juya ga fataucin kaya tsakaninmu da Nijeriya, har sunansu ya kai ga wani Bafaranshe ya rubuta littafi sukutum a kansu.

To ina tambayarku, ina fim ɗin daren ambaliya? Ina labarin yarinyar da aka goyo daga Katsina tana jaririya, ta tsufa a Maraɗi tana jin sunan garin da ba ta taɓa gani ba? Ina waƙar manomin da ya ga dalar gyaɗa, ya kuma ga shekarar da ya sayar da garmarsa? Kuma ku lura, wannan tarihi ba na gaba ba ne a gare ku. Ku jikokin ɓangarorin biyu ne: kun gaji karatun Shehu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir, kun kuma gaji jarumtar waɗanda suka yi yaƙi da rundunarsa. Marubuci na ƙwarai shi ne wanda zai ba kowane ɓangare haƙƙinsa. Ita kanta unguwarmu ta Zariya, da ta bunƙasa bayan garin ya hau tudu, kusan kowane gida da inda ya fito. Wannan daga ƙasar Dakoro fari ya koro shi, wannan daga Tasawa aure ya kawo ta, wancan tsohon direba ne da ya san hanyar Kwatano tun ba ta da kwalta. A layinku kaɗai akwai labarin da zai ishe ku shekara.

Tafiyarku ta farko ke nan, kuma ba ta buƙatar ko dala. Ku fita da ƙafa, ku ajiye abin toshe kunne a gida. Ku je wurin majema, duk da warin da ke korar masu ƙyama. Ku tsaya ku ga yadda ake tsoma fatar jar akuya cikin ruwan toka har gashi ya saki, yadda majemi ke shimfiɗa ta a kan gungume ya sa kartaji ya kankare ta, hannu biyu, daga sama zuwa ƙasa, ba ya huda ta ko sau ɗaya. Ku ga yadda ake daka bagaruwa a jiƙa, fatar ta kwana a ciki ta fito ta yi laushi ta sauya launi. Daga nan ku bi ta zuwa rumfar baduku, ku ga ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko. Ku tambaye shi sunan kowane zane da yake yi a kan jaka ko kube, da wanda ya koya masa, da dalilin da ya sa ake saka wannan launi kusa da wancan. Tela ko mai zanen da ya yi mako guda a wannan rumfa zai fita da haɗin launin da ba ya cikin wayar kowa. Ku kuma san cewa fatar jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato tana cikin fatun da duniya ta fi daraja, ana yin safar hannu da bangon littattafai masu tsada da ita. Shekaru aru-aru ayari na haurawa da ita hamada, Turawa na saye a tashoshin arewa suna kiran ta fatar Maroko. Aikin na kakanninmu ne, sunan ya tafi ga wasu, domin babu wanda ya bi kayan da labarinsu. Wannan gurbi har yanzu a buɗe yake, ku yake jira.

Ranar Litinin ko Juma'a ku shiga babbar kasuwa ba don sayayya ba. Ku saurari yadda dillali ke sasanta mai saye da mai sayarwa, yadda "albarka" ke fita da sanyi ko da zafi, yadda mai canji ke juya naira da sefa a ka ba tare da takarda ba. Ku zauna a tasha ku ji kamasho na kiran Ɗan Isa da Jibiya, ku ji Hausar Bagobiri da ta Bakatsine da ta Ba'adare da ta Buzu a mota guda. Mai son rubuta zancen mutane a fim ko a littafi, makarantarsa ke nan.

Tafiya ta biyu ita ce Tsibiri, wadda ɗan kabu-kabu zai kai ku cikin ƙasa da rabin awa. Da yawanku kun sha ratsa ta a hanyar Yamai, ba ku taɓa sauka ba. Ku sauka. Ku je ƙofar fadar Sarkin Gobir da ladabi, ku tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, ku nemi wani dattijo cikin fadawa ku ce kun zo neman sani. Za ku ji labarin Bawa Jangwarzo daga bakin mutanen da suka ɗauke shi kakansu, ba darasin lakwal ba. Za ku ji matsayin Inna a sarautar Gobir, kamar yadda Iya take da nata a Maraɗi, ku gane cewa mata sun riƙe muƙami mai nauyi a ƙasar nan tun da daɗewa. In kun dace da hawan salla, kada ku ɓata lokacin duka wajen ɗaga waya. Ku lura da wanda ke gaba da wanda ke baya a jerin mahaya, da lokacin da algaita ke shiru kakaki ya karɓa, da yadda maroƙi ke jero sunayen sarakuna ba ya tuntuɓe. Makaɗin zamani da ya fahimci yadda makaɗan fada ke gina waƙa, jagora ya ɗauko amshi ya karɓe, a yi zambo a ɓoye cikin yabo, ya samu abin da zai raba shi da sa'o'insa. A can kuma za ku ga taubasantaka da idonku, in Bazabarme ya faɗo hannun Bagobiri aka shiga tsokana aka rabu da dariya. Wannan wasa da muke ɗauka abin yau da kullum, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Mai rubuta wasan barkwanci ba ya buƙatar aron zagi daga waje alhali yana da wannan.

Tafiya ta uku ku yi kudu, hanyar Madarumfa, ku sauka Jiratawa tun da sanyin safiya. Ku bi magudanan ruwan gandun noman rani, ku ga mata da yara cikin zogale suna karyar rassa, a tara a inuwa a zage ganye, a cusa a buhu a danna da gwiwa, kafin rana ta ɗaga an loda wa motocin Maraɗi da na Yamai. Kwaɗon da kuke ci da yamma a bakin titi, da ƙuli-ƙuli da albasa, daga irin waɗannan hannaye ya fito. Ku tambayi manomi yadda ake rabon ruwa, wa ke sha yau wa ke sha gobe, da abin da ke faruwa ranar da wuta ta ɗauke injin ya tsaya. Duk inda mutane ke raba abu ɗaya da kowa ke buƙata, akwai rigima da sulhu da haƙuri da son kai, kuma da waɗannan ake gina labari.

A gonakin tudu na wannan yanki kuma akwai abin da nake so ku tsaya ku duba da kyau. Bayan farin shekarun 1970 ƙasar nan ta yi fayau, iska na binne shuka da rairayi. Aka yi ta kawo dashen itatuwa daga waje, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya da ke zaune a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka karɓi abin suka inganta shi, shi ne sassabin zamani. Ka ga manomi ya durƙusa gaban kututturen kalgo ko sabara mai toho goma, ya duba, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya share ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabi. Baɗi ya dawo ya sake gyarawa. Cikin 'yan shekaru ga itace ya fi shi tsawo. Da wannan dabara da kuma barin gawo ya tashi a gona, masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram, har mutanen wasu ƙasashe na zuwa koyo. Al'adarku haka take. Saiwar tana nan da rai, ta fi duk wani dashen da za ku ɗauko daga waje zurfi. Aikinku shi ne ku durƙusa ku duba, ku zaɓi abin da ya cancanci a raya, ku sare abin da addini da hankali suka ƙi, ku yi ta dawowa kuna gyarawa.

In kun yi waɗannan tafiye-tafiye, to ku fita, da albarkata. Sai dai ku fita irin fitar Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga Dambanas ta ƙasar Kance, aka kama shi bawa aka kai Barno, wani Bajamushe ya 'yanta shi. Dorugu ya bi Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasashenmu, har Tambutu, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, ya isa Landan a 1855 yana ɗan saurayi. Ba shi da kuɗi, ba shi da gata, amma yana da ido. Ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, tun daga gonar mahaifinsa har zuwa yadda Turawa ke zama cin abinci, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Abin da ya sa har yau ake karanta shi, ya kalli Ingila da idon wanda ya san gidansu, yana auna abin da ya gani da abin da ya sani, bai ruɗe ba, bai kuma raina ba. Ya dawo ya ƙare rayuwarsa a Kano. Malam Aminu Kano ma da ya je Turai bai dawo da kwat kawai ba, ya rubuta Motsi Ya Fi Zama don na gida su gani ta idonsa.

Na kusa da ku ma akwai. Marigayi Sa'adu Bori ya ɗauki kiɗan da ya tashi yana ji a ƙasar Maraɗi ya ɗora shi a kan jita da gangunan zamani, faifan da suka yi da mawaƙi Musa Fusi a shekarun 1990 ya kai har Turai. Kowa ya san hukuncin addininmu a kan bori, ba shi nake yaba muku ba. Abin lura shi ne mutumin ya isa Yamai da abin da Yamai ba ta da shi, shi ya sa aka saurare shi. Fati Nijar a garin nan aka haife ta, ta je Kano inda mawaƙa suka yi yawa, ta yi fice, sunan ƙasarta na manne da nata. Kantu, wanda filin kokawarmu ke ɗauke da sunansa, a fagagen ƙauyukan nan ya koyi kamu kafin ya je Tawa ya ɗauko takobin gasar kokawa na farko a 1975. Dukansu da guzurin gida suka fita.

Babban birni yana da nasa ladabin. In kun sauka Kano, kada ku ƙare kwanakinku a ƙofar situdiyo kuna jiran wani jarumi ya fito a yi hoto. Ku shiga kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ku je marinar Ƙofar Mata ku ga yadda baba ke kama zane, ku shiga Gidan Makama, ku hau Dala ku ga faɗin garin. In Yamai ce, ku ba gidan tarihi na Bubu Hama yini guda cur, ku zauna da maƙera da masaƙa da dukawan da ke aiki a cikinsa, ku gangara bakin Kwara ku yi hira da masunta. In Allah ya kai ku Kumasi ko Ankara ko Abijan, ku nemi zango, ku ji Hausar jikokin fataken goro, ku ga abin da suka riƙe da abin da suka saki. Ko'ina kuka je ku gai da mutane kafin ku tambaye su, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoto, ku ci abincin garin, ku koyi gaisuwa da harshensu ko da kalma biyar ce. Matambayi ba ya ɓata. Ku nemi gwani a fanninku ku yi masa hidima, ko da ɗaukar fitila ne a wurin ɗaukar fim, ko guga a shagon tela. Wata shida a ƙarƙashin gwani sun fi shekara biyar na yawon neman suna. Kuma ku riƙe sallarku da mutuncinku, domin birni na da masu jiran baƙon yaro mai buri su yi masa alkawarin banza, 'ya mace kuwa an fi ɗana mata tarko. Ke ƙanwata, duk wanda ya ce zai sa ki a fim amma ba ya son iyayenki su sani, ba fim yake nufi ba.

Akwai kuma tafiyar da nake roƙonku da girman Allah kada ku yi, ita ce ta bin hamada a ɓoye ba takarda, ba sanin iyaye, da kuɗin bashi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Talauci ne ya fitar da su, Allah ya jiƙansu. Ku da kuke da zaɓi, kada ku jefa kanku inda su dole ta jefa su. Ko nan kusa, kun san halin da wasu hanyoyin bakin iyaka suke ciki saboda 'yan bindiga. Ku tambayi direbobi kafin ku kama hanya, ku yi tafiyar rana, ku riƙe katin shaidarku, ku bar wa na gida sunan inda za ku sauka. Albarkar iyaye kuwa ita ce gaba da kuɗin mota.

Saura abin da ke mai da yawo ya zama aiki. Ku sayi ƙaramin littafi da biro, su zauna a aljihu. Duk daren da kuka dawo, ku rubuta abin da kuka gani tun bai dushe ba, da boko ko da ajami, wanda hannunku ya fi sabawa da shi. Kada ku rubuta "kasuwa ta cika," ku rubuta wa kuka gani, me yake sanye da shi, me ya ce, da wace murya. Wayar nan da ke cinye muku dare, ku sa ta aiki: ku zauna gaban kakarku ku naɗi tatsuniyarta da waƙar niƙanta da labarin aurenta, da yardarta. Tsofaffin da iyayensu suka ba su labarin tsohon gari na fadama baki da baki suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tafi kuwa ya tafi da abin da ke kansa. Ku ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wannan nauyi ya fi hawa kanku, tunda an koya muku yadda ake bincike.

Ku yi aiki da Hausarku ta nan, kada ku ji kunyarta. Faransanci da Ingilishi ku koye su da kyau, za su buɗe muku ƙofofi, amma in tsohuwar Tsibiri za ta yi magana a fim ɗinku, ku bar ta ta yi da Gobiranci yadda take yi a tsakar gidanta. Sannan ku riƙe amana. Baduku ko makaɗi ko tsohuwar da ta ba ku abin da kuka gina aiki a kai, ku ambaci sunanta in ta yarda, ku koma ku nuna mata abin da kuka yi, in an samu alheri ku kai mata rabonta. Sirrin gidan mutane da kuka ji don an yarda da ku, ba na watsawa ba ne. Kuma ku haɗa fasaha da sana'ar da za ta ciyar da ku, domin mai jin yunwa kowa na iya sayen bakinsa, ya yabi wanda bai cancanta ba, ya zagi wanda bai yi masa komai ba. Aikin farko ba zai yi kyau ba, na biyu ma da sauransa. Ku nuna wa wanda zai gaya muku gaskiya, ku gyara, ku sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan, aikin da aka aza harsashinsa a 2021. Ran da jirgi ya fara zuwa, baƙi za su ƙaru, kaya za su ƙaru, labaran wasu za su ƙara kwararowa cikin garin. Ina so ranar ta same ku da naku a hannu: littafi, fim, waƙa, ɗinki, zane, wanda duk wanda ya gani zai ce wannan daga Maraɗi ya fito. Ba sai kun jira kuɗin mota ba. Cikin makon nan kowannenku ya zaɓi wuri ɗaya da bai taɓa shiga ba da dattijo ɗaya da bai taɓa zama da shi ba, ya je, ya gaishe shi, ya tambaya, ya rubuta. Allah ya buɗa basirarku, ya tsare ku a gida da daji, ya sa abin da za ku ƙirƙira ya amfani jama'a ya kuma zame muku abin alfahari duniya da lahira. Amin.